Abin da ya tsiro a kangon layinmu

Da aka ce wannan makon gidanmu ne zai kawo rubutu, sai da muka yi kwana biyu muna ja-in-ja a kan abin da za mu kawo. A ƙarshe muka tsaya a kan abin da ya same mu a kakar bara. Akwai abin kunya a cikinsa, amma mun ga gara mu faɗa, don abin da ya tsiro a layinmu muna da yaƙinin ya tsiro a naku.

Mu uku ne, wa da ƙannensa biyu, kowa da iyalinsa, muna zaune a gidan gado a Gyaɗi-Gyaɗi, ta wajen Court Road. A gidan aka haife mu, kuma kakarmu ce ta raine mu, wadda duk layin ke kira Iya. Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarta, tana kwance a maƙabartar Tarauni. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku.

A ƙarshen layin akwai wani kango. An kai ginin linta aka tsaya, shekaru suka ja, ya koma bola. Da damina ciyawa ce ke rufe shi. Idan ruwa ya ɗauke ciyawar ta bushe, sai a bar wasu dogayen tsirrai masu jan kara, ganyensu faffaɗa kamar an buɗe tafin hannu, 'ya'yansu a cure da ƙaya-ƙaya a jiki. Ta nan muke bi mu je masallaci kullum. Ba wanda ya taɓa tsayawa a cikinmu ya tambayi sunan tsiron.

Ranar wata Juma'a, da yake babu Islamiyya, yaran gidan suka fita wasa bayan la'asar. Da magariba suka dawo, aka yi musu wanka, suka ci tuwo, kowa lafiya ƙalau. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare Auta, 'yar ƙaraminmu, mai shekara huɗu, ta farka da amai. Kafin a gama gyara shimfiɗa gudawa ta biyo baya, tana riƙe ciki tana kuka. Muka shiga lissafin da kowane gida yake yi: ko awarar da ta saya ce, ko ruwan da ta sha a waje, ko zazzaɓi ne ke shigowa. Aka haɗa mata ruwan gishiri da sukari, tana sha tana dawo da shi. Muka ce a bari gari ya waye.

Ƙarfe biyu saura, yayarta mai shekara bakwai ta fashe da kuka ba wanda ya taɓa ta. Da ƙyar uwarsu ta lallashe ta ta yi magana. Ashe wasan girki suka yi a kangon, suka tsinci wasu 'ya'ya a ƙasa suka ce su ne gyaɗar miya. Ta kwance bakin hijabinta, sai ga guda shida ko bakwai, masu sheƙi, ruwan ƙasa da zane-zane, kamar kaskar da ta sha jini ta ƙoshi. Muka haska fitilar waya muka zuba musu ido. Maza uku, biyu da digiri, ɗaya ɗan kasuwa da ya zaga ƙasar nan, ba wanda ya iya cewa ga sunansu.

Matar babbanmu ce ta yi dabarar buga ƙofar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da suka yi zamani da Iya. Ta fito da carbi a hannu, ta karɓi ɗaya ta juya shi a tafinta, ta yi salati.

"Zurma ce," in ji ta. Ta juya wajen yarinyar. "Ke, faɗa mini gaskiya, ba mai dukanki. Taunawa ta yi ko haɗiyewa?"

"Ta tauna, Kaka. Ta ce ba daɗi, ta tofar da wani, ta haɗiye wani."

"To me kuke jira? Ku ɗauke ta."

Ga abin kunyar. Ba mu ɗauke ta nan take ba. Ɗaya ya ce a ba ta madara, ɗaya ya ce manja ne ke karya dafi, aka shiga laluben kwalbar manja a kicin. Muka ƙara ɓata kusan rabin awa muna ɗura wa yarinyar da ko ruwa ba ya zama a cikinta. Mu da muke unguwa ɗaya da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda mutane ke tasowa daga wasu jihohi don su zo, muka tsaya muna gwada manja. Sai da tsohuwar ta ɗaga murya ta ce, "Anya ku jikokin Iya ne kuwa?" sannan aka tada mota.

A asibiti, likitan da ke aikin dare ya karɓi 'ya'yan da muka kawo a leda, ya dube su, ya yi tambayar da tsohuwar ta yi: ta tauna ko ta haɗiye? Sannan ya tambayi ƙarfe nawa ta ci, kuma guda nawa. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini don a duba hanta da ƙoda. Babbanmu ya ce a rubuta mana makarin mu je mu nemo ko nawa ne. Likitan ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da makari. Abin da za mu yi shi ne mu riƙe jikinta da ruwa, mu sa ido a kan ƙodarta, har jikin ya gyara kansa." Kwana uku muka yi. Alhamdu lillahi, ran na huɗu Auta ta nemi shayi da burodi, aka sallame mu.

A zaman jinyar nan, muna kan benci, tambaya biyu suka hana mu sukuni. Yaya aka yi tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba da likitan da ya yi shekara shida a jami'a suka yi tambaya iri ɗaya? Kuma me ya sa yarinya ta ci abu da la'asar, ta ci tuwonta lafiya, sai tsakar dare ciwo ya tashi? Na tsakiyarmu malamin sakandare ne, shi ya ɗauki nauyin karatun, yana dawo mana da bayani a hankali har muka gane.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana buƙatar furotin kullum, da shi ake gina tsoka, ake narkar da abinci, ake gyara abin da ya lalace. Furotin ɗin kuma ba ya dawwama, yana tsufa ana sauya shi. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan injina masu haɗa shi, masana na kiransu ribozom, ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da miliyoyinsu. Ku ɗauke su kamar kekunan ɗinki a babban shagon tela ana gab da Sallah, kowane keke na bin ma'aunin da aka ba shi, ba dare ba rana.

A cikin 'ya'yan zurma akwai wani furotin da ake kira risin. Gida biyu ne a haɗe. Ɗaya aikinsa na mabuɗi ne, yana mannewa a jikin ƙwayar halitta ya sa ta jawo shi ciki da kanta. Ɗayan kuma idan ya shiga sai ya nufi ribozom ya cire masa ɗan ƙanƙanin abu guda ɗaya tak. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san 'yan haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura, masu jan yadi gaba. In aka cire su keke na nan cif, ƙafa na takawa, amma ɗinki ya tsaya. Haka risin yake yi wa ribozom. Kuma ba ya ƙarewa idan ya gama da ɗaya, gaba yake wucewa. An ƙiyasta cewa guda ɗaya na iya lalata ribozom wajen 1,500 a minti ɗaya.

Wannan ne dalilin jinkirin. A sa'ar da kekuna suka tsaya, mai wucewa ba zai ga alama a shagon ba, don akwai ɗinkakkun kaya a rataye. Sai sun ƙare ake gane babu sabo. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon hanji su abin ke fara samu, idan suka fara mutuwa sai amai da gudawa, wani lokaci har da jini, ruwan jiki ya tsiyaye. In abin ya yi yawa yana kaiwa ga hanta da ƙoda. Tsakanin ci da bayyanar ciwo akan ɗauki awoyi, kuma a cikin awoyin nan ne iyaye ke cewa ai ga shi yana wasa, lafiyarsa ƙalau.

Batun taunawa kuwa, ɓawon ƙwayar yana da tauri. Idan aka haɗiye ta ɗungurungum, sau da yawa takan wuce ta fita yadda ta shiga. Haƙori ne ke buɗe wa dafin ƙofa. Maƙwabciyarmu ba ta san ribozom ba, amma ta san wanda ya tauna ya fi wanda ya haɗiye shiga haɗari, kuma a daren nan abin da ake buƙatar sani ke nan.

Mun yi mamakin daɗewar da masana suka yi a kan tsiron bolarmu. A 1888 wani ɗalibi mai suna Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, ya yi nazarin dafin ya raɗa masa suna risin. Daga sunan tsiron na Latin ya samo shi, wato Ricinus, wanda ma'anarsa kaska. Ashe su ma kaskar suka gani. A 1891 Paul Ehrlich na Jamus ya yi amfani da wannan dafi a gwajin ɓeraye, ya nuna yadda jiki ke koyon kare kansa, aikin da ya zama ɗaya daga cikin tubalan ilimin rigakafi. A farkon shekarun 1970 Sjur Olsnes da Alexander Pihl, a birnin Oslo na ƙasar Norway, suka bayyana aikin gidajen nan biyu. Sai a 1987 Yaeta Endo na Japan da abokan aikinsa suka gano ainihin abin da ake cirewa daga ribozom, wani ɗan sinadari guda mai suna adenin. Kusan shekara ɗari ke nan tsakanin sa wa dafin suna da sanin yadda yake aiki.

Masu sauraron rediyo na da za su iya tuna labarin Georgi Markov, marubuci ɗan Bulgeriya da ya gudu Ingila yana aiki da BBC. Ranar 7 ga Satumba 1978 yana jiran bas a gadar Waterloo a Landan ya ji an soke shi a cinya, ya waiga ya ga wani yana ɗaukar lema daga ƙasa. Ya tafi aikinsa. Da dare zazzaɓi ya rufe shi, ranar 11 ga wata ya mutu. A jikinsa aka samu wani ɗan ƙarfe kamar kan fil mai 'yan ramuka, masu bincike suka tafi a kan cewa risin aka zuba a ciki. Yau risin na cikin jerin farko na abubuwan da yarjejeniyar hana makamai masu guba, wadda ta fara aiki a 1997, ta sa wa takunkumi.

Kada wannan ya sa a firgita fiye da kima. Dafin da aka tace aka cusa a tsoka daban yake da ƙwayar da yaro ya tauna. Mafi yawan waɗanda suka ci 'ya'yan zurma aka kai su asibiti a kan lokaci suna warkewa. Haɗarin ya fi tsanani ga ƙananan yara, don ruwan jikinsu ba shi da yawa, dare ɗaya na amai da gudawa ya isa ya kayar da su. Abin da ya kusa cin mu shi ne "a bari gari ya waye".

Da muka dawo gida muka zauna a tsakar gida bayan isha'i, sai maganganun Iya suka riƙa dawo mana ɗaya bayan ɗaya. Kafin a yi katangar bulo, shingen bini da zugu ne a bayan gidanmu. Mukan tsinke ganyen mu tari ruwan da ke ɗiga mu busa kumfa da tsinke, Iya ba ta taɓa hana mu ba. Amma ranar da ta ga na tsakiyarmu ya fasa 'ya'yan zai kai baki, ta buge hannunsa, ta zaunar da mu duka.

"Kun san mene ne zugu?" ta tambaye mu.

Muka ce a'a.

"Farin saƙi ne, da shi ake likkafani a da. Sunan itacen nan maganar wanda ya ci 'ya'yansa ce. Cewa yake ku biyo ni da likkafani."

Mun ji wannan muna 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, kuma har muka girma ba wanda ya ƙara kai 'ya'yan baki. Yanzu karatu ya nuna mana bini da zugu ma yana da furotin irin na wannan dangi, sunansa kursin. Shi ba shi da gidan mabuɗin, don haka bai kai risin iya shiga ƙwayar halitta ba. Yawancin ɓarnar 'ya'yansa daga wasu sinadarai ne da ke cikin mansu masu ƙona ciki, shi ya sa nasa ciwon ba ya jinkiri sosai, cikin awa ɗaya ko biyu yaro ya fara amai. Matsalarsa ita ce 'ya'yan ba su da ɗaci, ɗanɗanonsu ya yi kusa da na gyaɗa, yara sukan ci da yawa. Awaki ba sa taɓa shi, shi ya sa manoma ke shinge da shi.

Sai idon zakara, 'yan jajayen 'ya'yan nan masu ɗigon baƙi. Iya na da su a wata 'yar kwalba can saman kabad, inda sai an taka kujera. Ganyen tsiron yana da zaƙi, tana ba mu mu tauna in muna tari. 'Ya'yan kuwa ko riƙewa muka yi sai mun wanke hannu, kuma ta hana a huda su. Mun taɓa so mu yi wa ƙanwarmu sarƙa da su, muka sha faɗa. A cikinsu akwai abirin, ɗan'uwan risin ne mai gida biyu, ya ma fi shi ƙarfi, kuma ciwonsa na iya ɓoyewa kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito. Ɓawonsu kamar dutse yake, shi ne ke tsare dafin, hudawa ko fasawa ce ke sakinsa. A ƙarshen 2011 wani shahararren lambun shuke-shuke a Ingila mai suna Eden Project ya nemi jama'a su dawo da awarwaron da ya sayar musu, bayan an gano da 'ya'yan idon zakara aka yi su. Abin da Iya ta hana mu a Gyaɗi-Gyaɗi, shi aka yi shela a kansa a can bayan shekaru. Har yau kuma za ka gan su a faifan masu magani a kasuwar Kurmi, ana saye a kawo gida a ajiye inda yaro zai kai hannu.

Garahuni kuma ta sha dafa mana shi, muna sha muna yamutsa fuska saboda ɗaci. Shi ma an gano a 'ya'yansa akwai furotin na wannan dangi, sunansa balsamin, marar mabuɗi. Har masara da alkama da sha'ir suna da nasu. Dangin yana da faɗi, muna cin wasu kullum ba abin da ke samunmu, don ba su da hanyar shiga ƙwayoyinmu, kuma dahuwa na kashe su. Masana na ganin tsirrai na yin su ne don kare kansu daga ƙwari da cututtuka. Shekaru da dama kuma ana gwada ɗaure gidan da ke lalata ribozom a jikin wani abu da zai kai shi kan ƙwayoyin cutar daji kaɗai. Iya ba ta san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Amma ta raba tsirran kashi-kashi daidai: wannan a sha, wannan a tauna ganye a bar 'ya'ya, wannan a yi wasa da ruwansa kada a kai baki.

Wani zai ce, to man zurma fa da mata ke shafawa a gashi, wanda ake samu a shagunan kayan kwalliya a kasuwar Tarauni? Wannan ba laifi in na kirki ne. Risin ba ya bin mai, a tunkuza yake zama, kuma zafin da ake yi wajen tacewa na lalata shi. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman zurma, musamman jihar Gujarat, mai suke yi da ita na masana'antu da na magani. 'Yan uwanmu Ibo ma suna yin ogiri da 'ya'yanta, wani abin miya kamar daddawa, bayan doguwar dahuwa da kwanakin ruɓarwa. Wannan sana'a ce da aka gada, masu ita sun san matakanta. Mai ciki dai kada ta sha man sai da izinin likita, don yana iya tayar da naƙuda.

Muna cikin wannan hira ɗaya daga cikin matan gidan ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta miƙo wayarta. A wani zauren mata na WhatsApp an turo saƙon murya ana tallar 'ya'yan zurma don tazarar haihuwa, wata ma a ƙasa ta ce ita dakawa take yi ta zuba a kunu don ya fi saurin aiki. Saƙon ya rufe da maganar da duk mun saba ji: na gargajiya ne, ba ya da illa. Ta ce har ta yi niyyar aiken yaro ya tsinko mata a kangon, Allah bai nufa ba. Ba wanda ya yi mata faɗa, don da wane baki? Al'adar haɗiyar 'ya'yan zurma don tazara ta daɗe a ƙasar nan, har masu bincike a Jami'ar Jos sun yi nazari a kanta tun shekarun 1990. Amma nazari daban, maganin da aka tantance aka auna daban. Ba wanda zai dubi ƙwayar da ke tafinsa ya faɗi yawan dafin da ke ciki, kuma dakawa ita ce ainihin abin da tsofaffi suka hana. Mai son tazara ta je asibiti, akwai sashen da aka ware don haka, a zauna da ita da maigidanta a duba abin da ya dace da jikinta.

A nan ne muka ga inda laifinmu yake. Iya ta bar mana hane-hane da yawa. Kada a yi shara da dare, kada a zauna a bakin ƙofa, kada a huda idon zakara, kada a ci 'ya'yan shinge. Da muka yi karatun boko muka tattara su duka a buhu ɗaya muka rubuta masa camfi, muka ajiye. Ba mu zauna mun tsince ba. A cikin buhun akwai camfin, akwai kuma ilimin da aka saya da rayukan 'ya'yan wasu kafin ya iso gare mu a matsayin suna ko tsawa. Yaranmu sun iya sunan tuffa da inibi da Turanci, ba su san sunan tsiron da ke ƙarshen layinsu ba, don mu ma mun manta. Mun rushe shinge mun ja katanga, mun ɗauka daji ya tafi. Ku zaga daga Hausawa zuwa Darmanawa, ku ɓullo ta Unguwa Uku, ku duba kangaye da bakin kwatoci da bola, za ku ga zurma tsaye tana jiran rana ta fasa 'ya'yanta su watsu.

Bayan sati biyu muka samu mai unguwa, aka tara samarin layi, aka tuge tsirran kangon tun daga saiwa, aka share 'ya'yan da suka zube aka ƙona. Muka yi murna. Damina na sauka sai ga su sun sake fitowa, har sun fi na da. Wasu na kiran zurma cika-gida, wanda ya ga wannan ba zai tambayi dalili ba. Muka sake tugewa tun ba su yi 'ya'ya ba, kuma za mu ci gaba. Amma mun gane ba za mu iya share Kano ba, kuma yaranmu za su je gidan dangi, za su je ƙauye hutu.

Saboda haka muka roƙi maƙwabciyarmu arziki. Wata Juma'a da yamma ta ɗauki sandarta, muka tattaro yaran layin wajen su ashirin, muka bi ta a baya har da mu manya. Tana nuna tsiro tana faɗin sunansa, abin da ake yi da shi, da abin da ba a yi. Da ta zo kan bini da zugu a bayan wani gida, ta tambaye su ko sun san zugu. Muka kalli juna mu uku, ba wanda ya iya magana.

Ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe. Idan yaro ya ci 'ya'yan wani tsiro da ba ku sani ba, ku tafi asibiti a lokacin, ko da yana dariya yana wasa, ko da ya ce haɗiyewa kawai ya yi, don yaro ba ya iya tabbatar da hakan. Ku ɗauki sauran 'ya'yan da reshen tsiron a leda ku tafi da su, ku riƙe lokacin da ya ci. Kada a tsaya ɗura madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Ku tambayi yaran da suka yi wasa tare cikin lallami, don tsoron duka ne ya sa yayar Auta ta yi shiru awa uku, kuma wataƙila akwai wani yaron a wani gida da ya ci shi ma. Wanda ke da idon zakara a ɗaki ya ɗaga shi sama ya rufe.

Masu tsofaffi a gida kuma, ku zauna da su tun suna nan. Ku fita da su ƙofar gida ku nuna tsiro ku tambaya. Mun san sunayen nan na bambanta, abin da Bakano ya kira wani abu Basakkwace ko mutumin Maraɗi na iya kiransa daban, za mu so mu ji naku.

Juma'ar da ta wuce mun je ziyara maƙabartar Tarauni, mun yi wa Iya addu'a. A hanyar dawowa muka biya gidan gwaggonmu muka ɗauko yara. Muna tafe Auta ta ja rigar babanta ta nuna bakin wata kwata.

"Abba, ga zurma can. Ba a ci."

Allah ya tsare mana zuri'a, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.